Gajiyar leɓe wajen busa turampet a ramin makaɗa

Ka tambayi abin da za ka yi da leɓenka da ke gajiya wajen busa ƙahon turampet a ramin makaɗa, wato wurin da makaɗa ke zama a ƙasa gaban dandamali, kafin a kammala wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe. Ka rage ƙarfin busa tun daga waƙar farko, ka kuma riƙa cire ƙahon daga bakinka duk lokacin da 'yan wasa ke magana a dandamali.

Dalili kuwa, a Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo da ke New York, sau 8 ake yin wasan a mako, kuma makirufo ne ke kai sautinka ga 'yan kallo. Na lura cewa idan aka toshe bakin ƙahon domin rage amo, mai busa yakan ƙara danna shi a leɓe ba tare da ya sani ba, daga nan kumburi yake farawa.