Ɗakin jira na bayan dandamali: me ake sawa a ciki?

Tambaya: Muna gyara wani zaure don wasan kwaikwayo da ɗaukar shirin talabijin. An ce sai mun ware ɗakin da 'yan wasa da baƙi za su zauna kafin a kira su. Ɗakin sauya kaya bai isa ba?

Amsa: Bai isa ba, Malam. A ɗakin sauya kaya ake shiri da kwalliya, maza daban, mata daban. Ɗakin jira kuwa na wanda ya gama shiri ne, don a san inda za a same shi da zarar lokacinsa ya yi.

Ya kasance kusa, tafiyar ƙasa da minti ɗaya zuwa bakin dandamali, amma kada hayaniyarsa ta fita. Ƙofa biyu da ɗan lungu a tsakaninsu sun fi ƙofa ɗaya mai kauri. A ciki a sa ƙaramar lasifika mai kawo sautin wasan, ko talabijin mai nuna abin da kyamara ke ɗauka, da agogon bango da aka saita da na mai kula da dandamali. In babu waɗannan, 'yan wasa za su riƙa leƙe ta bayan labule, 'yan kallo suna hango su.

A gidajen wasan Ingila kira huɗu ake yi wa 'yan wasa kafin a fara wasa: saura minti 35, saura 20, saura 10, sai saura 5, lokacin da masu fara fitowa za su tsaya a wurarensu. Tsari ne da ya cancanci koyi.

A ajiye ruwan sha marar sanyi sosai. Zoɓo da goro da miyar manja kuwa kada su shigo, ɗigo ɗaya a farar shadda ya ɓata shiri. Fanka ko na'urar sanyaya ɗaki dole ne, domin gumi na wanke hoda, goshi ya yi ta ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Sai madubi mai tsayin mutum a bakin ƙofa, da allura da zare.

Inda aka fi jin kunya shi ne makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. Ta iska yake aika sauti, kuma bango ba ya hana shi kai magana wurin mai haɗa sauti. Baƙo sai ya manta, ya saki baki da gulma, ko ya shiga bayi da shi. A sa masa sabon batir, a gwada, sannan mai sauti ya rufe layin har sai baƙon ya zauna gaban kyamara.

A tsayar da mutum ɗaya a ƙofa da jerin sunaye. Dangi da masoya su dakata sai an tashi.