Alhaji, kada ka ƙara ko sisi sai an raba jarumi da jakar kuɗi

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekarata 17 ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Ɗan yayata, wanda a hannuna ya tashi, ya shiga harkar fim. Ya rubuta labarin tsoro, na wani gida da aljanu suka hana kowa zama. Shi zai fito a jarumi, shi ne kuma furodusa. Na ba shi naira miliyan 4, yanzu ya dawo ya ce aiki ya kai rabi, sai an ƙara miliyan 8. Ya nuna mini a waya labarin wani Bature, Leigh Whannell, wai shi ma haka ya fara ya zama attajiri. Ba mu rubuta komai ba, don ɗana ne. In ƙara masa ko in haƙura da na farko?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A duk wasiƙarka magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai: "ba mu rubuta komai ba, don ɗana ne." Nan ciwon yake. Na tabbata a shagonka ko bandir ɗaya ba ya fita sai ya shiga littafi, ko da kuwa mai ɗaukar kayan abokin cinikinka ne na shekara goma daga Maraɗi. Yaron da ke sayarwa ba shi kaɗai ke ƙirga ciniki da yamma ba. To yaya aka yi miliyan 4 ta fita daga hannunka babu takarda, babu shaida, babu wanda zai ce ga inda ta shiga?

Dubi abin da ka ɗora wa yaron nan. Marubuci so yake labarinsa ya faɗaɗa, a ƙara gida, a ƙara maƙabarta, a ƙara dare uku a daji. Jarumi so yake a maimaita ɗaukar fitowarsa har sai ta yi masa kyau. Shi kuwa furodusa aikinsa ɗaya ne, ya ce musu a'a, kuɗi ba su kai ba. Idan mutum ɗaya ne duka ukun, wa zai ce wa wa a'a? Ban ce yaron ɓarawo ne ba, mai yiwuwa ma ya fi ka jin zafin kuɗin. Amma wanda fuskarsa ke kan hoton talla ba ya iya tsuke bakin aljihu, ko waliyyi ne.

Tunda ya kawo maka labarin Whannell, bari in cike maka inda ya tsallake. Gaskiya ne mutumin ɗan Ostireliya ne, shi ya rubuta fim ɗin Saw na 2004 kuma ya fito a cikinsa, an kashe dala miliyan ɗaya da 'yan kai, aka samu sama da dala miliyan 100. Amma kafin nan, shi da abokinsa James Wan, wanda suka haɗu a makarantar koyon fim a birnin Melbourne, sun ciri fitowa ɗaya daga labarin suka ɗauke ta da kuɗin aljihunsu, ɗan gajeren fim da bai kai minti goma ba. Da shi suka tafi Amurka suna nuna wa masu jari. Kuma da aka tashi yin babban fim ɗin, ba Whannell ne ya riƙe kuɗi ba. Wan ne darakta, wasu furodusoshi uku daban, Gregg Hoffman da Mark Burg da Oren Koules, su suka riƙe jaka. An ɗauke fim ɗin cikin kwana 18, kusan duk a gini ɗaya, saboda tun wajen rubutu an auna labarin daidai da ƙarfin aljihu: mutum biyu a kulle a ɗaki. Matsayin furodusa daga baya ya zo masa, kuma bai ba da umarnin fim da kansa ba sai 2015, shekara 11 bayan nan. Har ila yau, su biyun nan sun yi wani fim, Dead Silence, a 2007, da jarin kusan dala miliyan 20, abin da ya dawo daga silima da kyar ya haura hakan, ga kason masu silima ba a cire ba. Wannan ɓangaren ba ya yawo a waya. Na gaji da matasan da ke kawo labarin mutum ɗaya da ya haye suna mance ɗaruruwan da suka nutse a kogi ɗaya.

Sannan fim ɗin tsoro mai cin kuɗi ne ta inda ba ka zato. Yawancin aikinsa da dare ake yi, ke nan janareta da fitilu da mai har asuba. Rabin tsoron a sauti yake, sauran a hannun mai kwalliya da edita. Aljanin da aka haɗa da araha dariya yake ba mutane, kuma fim ɗin tsoron da aka yi wa dariya ya mutu. Don haka "aiki ya kai rabi" ba ta gaya mini komai ba. Rabin ɗauka ne, ko rabin dukan aiki?

Ta ina kuɗin za su dawo? Zamanin da ake kai faifai Ƙofar Wambai a kwashe ya wuce. Yau YouTube ne, ko a sayar wa gidan talabijin, ko a gwada silima. YouTube ba ya fara biya sai tasha ta cika sharuɗɗansa, kuma kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla yake bai wa mai tasha. A lissafin da na sha gani na masu kallon ƙasar nan, sau da yawa kallo dubu ba ya kawo dala ɗaya. Ɗauki dala a naira 1,500: miliyan 12 ɗinka dala 8,000 ce. Ko an ce dala ɗaya cur a kowane dubu, sai an kalla sau miliyan 8 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ga shi fim mai jini da ban firgita YouTube kan rage masa talla. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan batun tacewa, kuma labarin aljanu da bokaye ba abin da za a wuce da shi ido rufe ba ne. Ya kai wa hukumar labarin?

Na taɓa zama sasanci tsakanin wani mai sayar da kayan masarufi da ƙanin matarsa. Mai kayan masarufin ya zuba jari, ƙanin ya yi fim, fim ya fita, har ya karɓu. Da aka zo rabon riba sai aka tarar an buɗe tashar da imel ɗin ƙanin, asusun da kuɗi ke shiga nasa ne, sunan kamfani nasa ne. Na ce a kawo rasit. Ƙanin ya fito da wata baƙar leda, a ciki akwai takardun gidan mai guda shida da wani kwalin magani da aka rubuta "abincin lokeshan" a bayansa, babu kwanan wata. Mai jarin ya ce rabi da rabi suka yi, ƙanin ya rantse rance ne kuma zai biya a hankali. Kowannensu ya yi imani da abin da yake faɗa. Matar tana zaune a bakin ƙofa, mayafi a fuska, tana kuka ba sauti. Kuɗin ba su dawo ba, kuma har yau gidajen biyu ba sa gaisawa a wajen biki.

Shi ya sa nake ce maka rubutun nan zumuncinku zai tsare kafin ya tsare kuɗinka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware ɗan 'yar'uwa ba. Ka fara tantance wa kanka: miliyan 4 ɗin nan rance ce, kyauta ce, ko ƙiradi, wato jarin da ka ba shi ya juya ku raba riba? In ƙiradi ne, malamai sun ce dole a ambaci kason ribar kowa tun farko, kuma in an faɗi ba da sakacin mai juya kuɗin ba, asarar dukiya a kanka take. Ka yarda da hakan?

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka kira shi gida, ba shago ba, mahaifiyarsa na zaune. Ka ce ya kawo lissafin miliyan 4 ɗin, ya kuma kunna maka abin da aka ɗauka ka gani da idonka, tare da wani edita da ba yaronsa ba, wanda zai gaya maka saura nawa a gama. In ya kawo, ko da lissafin da giɓi, akwai hanya. Lauya ya rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: nawa ka sa, wa ya mallaki fim da tasha, uwar kuɗi ta fara dawowa kafin a raba riba. A buɗe asusun banki na fim ɗin kaɗai, mai sa hannun mutum biyu. A ɗauko wani ya riƙe kashe kuɗi, shi yaron ya tsaya a rubutunsa da wasansa. Kuɗi kuma su riƙa fita kashi-kashi, ba za a saki na gaba ba sai an ga aikin na baya. Ka sa ya rage labarin ya dawo gida ɗaya da mutum huɗu, za ka ga miliyan 8 ta ragu ƙwarai. Kuma kada abin da za ka ƙara ya taɓa kuɗin sarin kayan Salla.

In kuwa ya ce neman lissafi rashin yarda ne, ya tashi ya fita, kada ka bi shi da faɗa. Ka gaya wa yayarka a ranar cewa miliyan 4 ɗin ka bar masa, kuma daga ita babu ƙari.