Shin canza ƙwaƙwalwar mota zai magance ƙin tashinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 1996 wadda take ƙin tashi idan ta daɗe a rana, sai ta huce sannan ta kama. Makanikina ya ce birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, ya mutu, kuma ya samo mini na Beljiyam da aka ciro daga ƙirar 1995. Shin in saya? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayen nan tukuna, domin alamar da ka bayyana ta fi kama da matsalar babban rile da ke ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, wanda shi ne yake ba famfon mai da ita kanta ƙwaƙwalwar wuta. A Honda na wancan zamani, dalmar da ke cikinsa takan tsage idan ta tsufa, zafi irin na Gombe a watan Afrilu kuma ya ƙara buɗe tsagar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne: ya kamata fitilar injin ta kama, famfon mai kuma ya yi ƙara na kimanin daƙiƙa 2. Idan shiru ka ji, a fara da rilen. Sau da yawa mai gyaran rediyo ma yakan sake masa dalma ya dawo aiki.

Ko da an tabbatar ƙwaƙwalwar ce ta lalace, wadda aka kawo maka ba za ta yi ba idan motarka ta Amurka ce, saboda daga 1996 aka wajabta tsarin gano matsalar mota da ake kira OBD-II a can, kuma soket ɗinsa ya bambanta da na 1995. Kada ka yarda rewaya ya yanka wayoyi don ya tilasta mata shiga. A ɗaga kafet a wurin ƙafar fasinja, a karanta lambar da ke jikin akwatin, wadda take farawa da 37820, sannan a nemi wadda ta yi daidai da ita har harafin ƙarshe, domin ta mai giya otomatik daban take da ta manuwal. Sa'arka ɗaya ita ce ƙirar Amurka ba ta fara zuwa da makulli mai lambar tsaro ba sai 1998, saboda haka ba sai an haɗa ta da kwamfuta ba.

Kafin a ɗaura, a cire kan batir na nagatif, a kuma binciki abin da ya kashe ta farkon: ruwan da ya kwanta ƙarƙashin kafet, juya kan batir, ko altaneta mai ba da wuta fiye da ƙima. Ɗabi'ar cire kan batir injin yana aiki, wai don gwada caji, ita ma tana ƙona ta. Ka kuma ƙulla da mai kaya cewa sai an gwada a motarka ta yi zafi kafin ka biya.