Amsoshin Tambayoyinku: Ƙafar Injin Jirgina Tana Kuka, In Gyara Ko In Sayi Wata?

Wani mai jirgi daga Lagdo ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da jirgin katako da nake dakon masara da bandar kifi da shi a tafkin Lagdo, injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, kuma ya haura shekara goma a hannuna. Tun bayan ƙaramar salla nake jin wani siririn kuka daga ƙasa idan na ba shi wuta, yanzu kuma idan na yi lodi yakan yi bugu, gum, kamar na hau kututture, alhali ruwan da zurfinsa. Wani bakanike ya ce in sayi ƙafa sukutum, wani kuma ya ce in sayar da injin in huta. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, kuma kada ka fitar da ko dala kafin ka ga man giyar da ke cikin ƙafar nan da idonka. Amma ina roƙonka ka dakatar da lodi daga yau, domin giyar da ta fara bugu tana iya cijewa a tsakiyar ruwa, kuma tafkin da aka tare tun 1982, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 500, ba wurin da mutum zai so ya tsaya da buhuna da fasinja ba ne idan iskar yamma ta taso.

Yana da kyau ka san abin da ke cikin ƙafar, wato sashen da ke nutse a ruwa, domin shi zai sa ka fahimci kukan. Wata doguwar sanda ce ke saukowa daga kan inji, a ƙarshenta akwai ƙaramar giya wadda ke juya manyan giya biyu, ta gaba da ta ribas, kuma duk ukun suna juyawa muddin injin yana aiki, ko da kana firi, wato ba ka sa giya ba. Tsakanin manyan biyun akwai kuloci, wani guntun ƙarfe mai haƙora gaba da baya, wanda ke zamewa a kan sandar farfela ya kama wadda ka zaɓa idan ka ja hannun giya. Saboda haka idan kukan yana nan a firi, yana kuma ƙaruwa da ka ɗan taɓa totur, to ka zargi boris ɗin doguwar sanda, wato zoben ƙarfen da take juyawa a cikinsa, ko haƙoran ƙaramar giya. Idan kuwa a firi shiru ne, sai ka sa giya jirgi ya ɗauki nauyi sannan kukan ya fito, hankali ya koma kan giyar gaba da boris ɗinta da sandar farfela. Ka gwada ribas ma ka saurara, domin kukan da ke gaba kaɗai ya riga ya nuna maka gefen da ciwon yake.

Bugun da ka kwatanta da hawa kututture sananne ne ga duk wanda ya daɗe da tsohon inji. Yawanci haƙoran kulocin ne suka side, gefensu ya zama mulmulalle, sai su kuɓuce daga giyar gaba idan nauyi ya yi yawa, su sake kamawa da ƙarfi, jirgin duka ya girgiza. Abin da ke side su shi ne sa giya injin yana da wuta, da kuma jan hannun giya a hankali har a riƙa jin ƙarar-ƙarar, wanda direbobi da yawa ke ɗauka lallaɓa inji ne. Daidai shi ne a sauke wuta zuwa silo, sannan a sa giya da jan hannu guda. Sai dai kafin a yanke wa kuloci hukunci, a duba sandar da ke haɗa hannun giya da ƙafa, domin idan saitinta ya goce kulocin ba ya shiga har ƙarshe, kuma wannan gyara ne na sifana kawai. A duba maɗauran injin a jikin katakon baya, domin katakon da ya ruɓe ko maɗaurin da ya saki yana yin bugun da kan ruɗi kunne.

Yanzu sai maganar mai, wadda ita ce za ta raba gardama. Ka bar injin a tsaye ya kwana, da safe ka ajiye farin kwano mai tsabta a ƙarƙashinsa, ka kwance sukurun ƙasa, sannan na sama don iska ta shiga. Na taɓa tsayawa a bakin ruwa ina kallon wani dattijon bakanike yana yin haka ga injin wani masunci. Abin da ya fara fitowa ruwa ne tsagwaro kamar cokali biyu, bayansa wani abu mai kauri launin kunun gyaɗa. Dattijon ya lakata ya murza tsakanin yatsunsa, ya karkata kwanon wajen rana, ya goge bakin sukurun a tafin hannunsa, sannan ya ce wa mai injin ya gode wa Allah, ƙarfe bai fara zuba ba. Da ya cire farfela sai ga zaren koma ya naɗe a bayanta, ya narke ya zama baƙin zobe mai tauri, ya ci robar da ke tare mai. Ta nan ruwa ya shiga.

Ga yadda za ka karanta naka kwanon. Mai da ya yi duhu amma yana da santsinsa, ba komai ba ne illa tsufa. Mai fari-fari ruwa ne ya shiga, kuma ruwa yana sa boris tsatsa, tsatsar ce kuma ke zama siririn kukan nan. Mai baƙi ƙirin mai warin ƙuna, ko wanda ya fito ɗan kaɗan, alama ce giya ta yi aiki a bushe. A injuna da yawa bakin sukurun ƙasa maganaɗisu ne, idan ka ga laushin ƙura mai toka-toka a jikinsa wannan cin yau da gobe ne, amma idan akwai ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko gutsure mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, to haƙori ko boris ya fara karyewa.

Daga nan ne zaɓin saye yake fitowa. Idan ruwa ne kawai babu ƙarfe, robobin tare mai za ka saya, da boris ɗin da aka samu da tsatsa, da sabon mai, kuma ka nemi bakaniken ya hura iska cikin ƙafar da famfo ya tabbatar ba ta yoyo kafin ya zuba mai. Idan bugun bai daina ba bayan an gyara saiti, a sayi kuloci tare da giyar gaba, domin sabon kuloci a kan tsohuwar giya da ta side ba ya daɗewa. Idan kuwa gutsuren ƙarfe ya fito, aikin ya zama na ƙaramar giya da manyan biyu da boris duka, kuma yana buƙatar mai hannun da ya iya daidaita tazarar haƙora da siraran washa, in ba haka ba sababbin kayan za su yi kuka tun ranar farko. A wannan matakin ne kawai maganar bakanike na farko take da ƙarfi, sai ka haɗa kuɗin kaya da na aiki ka gwada da kuɗin ƙafa ta hannu mai lafiya. Idan gidan ƙafar ya tsage, ko mazaunin boris ya yi faɗi, kada ka ɓata kuɗinka a gyara.

Idan za ka sayi ƙafa a Garwa ko a ƙetare, ka kwafi lambar da ke kan farantin maɗaurin injinka ka tafi da ita, domin doki 40 ba iri ɗaya ba ne, akwai E40J akwai E40X, kuma akwai gajeriyar ƙafa da doguwa. Ka yi hattara da kayan jabu, waɗanda kwalinsu ya fi ƙarfensu kyau. Batun sayar da injin kuwa ban goyi bayansa ba, sai fa idan an auna matsin silinda an ga kan injin ma ya gaji, domin inji mai lafiyayyen kai ya cancanci a yi masa ƙafa.

Wata baiwar Allah daga Kuseri ta ce: "Malam, ina so in saya wa ɗana injin jirgi na hannu mai doki 15 ya riƙa sana'a a kogin Logon. Mai sayarwa ya tayar da shi a cikin durom, ƙararsa lafiya lau, sai dai yana yin ƙwas idan an sa giya. In biya?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ƙwas guda ɗaya lokacin sa giya ba aibi ba ne, kulocin ne ya kama, kuma haka sabon inji ma yake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwajin durom, domin a cikin durom farfela ba ta tura komai, giyar da ta lalace kuwa sai ta ji nauyi take tona kanta. Ki sa ɗanki ya tafi da bakaniken da ku kuka zaɓa, ba na mai sayarwa ba, a ɗaura injin a jirgi, a ɗauki mutum uku ko huɗu, a hau ruwa gaba da igiyarsa na kamar rabin awa, a ba shi wuta sosai, a gwada gaba da ribas sau da yawa. Bayan an dawo ne za a kwance sukurun mai, domin mai sayarwa yana iya zuba sabo da safe, amma ruwan da ke shiga ta robar da ta mutu zai nuna kansa bayan tafiya.

Injunan Logon da Shari suna shan rairayi da rani idan ruwa ya janye, saboda haka a duba ƙegen da ke ƙasan ƙafa ko an yi masa walda, a duba fukafukan farfela ko sun lanƙwashe. A cire hular filogi don kada injin ya tashi, a sa firi, a juya farfela da hannu ana kallon tsinin sandarta, idan yana rawa sandar ta karkace, kuma karkatacciyar sanda tana cinye roba da boris komai sabuntarsu. A lura da ruwan da injin ke tsartarwa ta baya, ya kasance yana fita da ƙarfi. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a hau ruwa ko a buɗe mai, Hajiya, ki riƙe kuɗinki ki nemi wani.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ce a Bulanguwa, bakin Tafkin Chadi: "Injina yana ihu idan na ba shi wuta amma jirgi ba ya gudu, kuma man giya ya yi wuya a nan. Zan iya zuba baƙin mai?"

Ɗana, kafin ka zargi giya ka duba farfela. A tsakiyarta akwai roba da aka matse tsakanin fukafukai da cibiyar da ke kama sanda, an yi ta ne don ta saki idan an bugi wani abu, kuma idan ta saki sau ɗaya takan ci gaba da sulɓewa. Ka ja layi da ƙusa daga cibiyar zuwa jikin farfela, ka yi 'yar tafiya da wuta, ka kashe inji ka duba. Idan layin ya rabu biyu, farfela za ka saya, ƙafarka lafiyarta ƙalau.

Baƙin mai kuwa kada ka zuba, domin ba ya jure matsin da ke tsakanin haƙoran giya. Ka yi sautun man giya mai lamba 90 daga Kuseri, ka ajiye kwalba guda a gida, ka riƙa canzawa duk bayan awa 100 na aiki. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a fara ɗaure sukurun sama, sannan a zare bakin kwalba a ɗaure na ƙasa da sauri, kowanne da sabuwar washarsa.