Na Ɗaga Hilux Ɗina, Yanzu Tana Tangaɗi a Kwana

Tambaya: Salam malam, na sa an ɗaga min Hilux inci 3 saboda hanyar ƙauyenmu duk rairayi ne, to tun daga nan in na sha kwana sai ta kwanta gefe ɗaya, sitiyari kuma yawo yake a kan kwalta. Meye matsalar? Daga wani makaranci a Agadas.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama, dole ta ɗan kwanta, amma in abin ya yi yawa to fara leƙa ƙarfen stabilaiza, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciyar mota a kwana, sau da yawa makanikai suna barin tsohon linkin (ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar da ƙafar mota) da ya yi gajere ko su cire shi gaba ɗaya, ka duba bushin ɗin ma ko sun farfashe. Sai shokozoba, danna gefen motar da ƙarfi ka saki, in ta ci gaba da lilo ya mutu ko bai dace da sabon sifirin ba. Yawon sitiyari kuwa matsalar alaimen ce (saitin ƙafafu), kasta ta canza, wato kusurwar ƙafafun gaba da ke sa mota ta miƙe sosai, je a saita. Kuma don Allah sauke jarkokin mai daga saman rufi, ka rage gudu a kwana har a gyara.