Kafin ka ɗaga hannu a wurin gwanjo

Ka tambaye ni, ɗana: idan magada suka fito da shanun huɗa da garma da amalanke za a yi gwanjonsu a ƙauye, yaya mutum zai taya bai ƙone ba? To, saurara.

Gwanjo daban, kara daban. A karar Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ka taya, mai sa ya ce albarka, ka zaga ka sha ruwa, ka dawo ka ƙara, dillali yana tsakani har a sallama. Gwanjo ba ya ba ka wannan sararin. Saboda haka ka yi sammako, ka gama dubawa tun jama'a ba su taru ba.

Fara da baki. Kama hancin san, ka ja leɓen ƙasa. Haƙoran gaba 8 ne, duk a ƙasa suke. In manya 2 kawai suka fito a tsakiya, sauran ƙanana na nono, bai wuce shekara 2 zuwa 3 ba, da sauransa. In 8 ɗin sun cika manya, ya kai kamar 5, ƙarfinsa ya kawo. In sun cinye sun yi gajeru, ga giɓi a tsakaninsu, wannan na mahauta ne, kada ka kai wa manomi. Sannan ka shafa wuyansa gaban tozo, inda karkiya take zama. In sa ya taɓa yin huɗa za ka ji fatar wurin ta yi kanta. Wuya sumul kuwa, ko an rantse maka horarre ne, ka sa a ɗaura masa karkiya ka gani da idonka. Ka sa a kora shi ya ɗan yi sauri: ɗingishi zai fito, tarin ciwon huhu ma haka. Cikar ciki kada ta ruɗe ka, wasu kanwa suke ba dabba ta ɗirki ruwa da asuba. Haƙarƙari da cinya za ka taɓa.

Garma ba ta da wuya, dubi bakinta ko ya cinye, da inda aka yi walda. Amalanke, ɗaga shi ka girgiza taya.

Sai ka yanke kuɗinka a zuci, ka cire na mota da la'ada da abincin da zai ci kafin ka sayar. Gab da damina shanun huɗa suna tsada, kowa idonsa ya rufe, nan ake wuce iyaka. In tayi ya kai inda ka tsaya, sauke hannu, ko da naira dubu ɗaya aka ɗara ka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tayin ƙarya. Za ka ga mutum yana ta ƙarawa, bai ko taɓa dabbar ba, idonsa na kan mai kaya. Manzon Allah (SAW) ya hana wannan, shi ne najashi. Wata rana za a zo a ce ka yi wa wani, a ba ka ɗan wani abu. Kada ka karɓa, ɗana. Ranar da na ji ka yi, ka daina bi na kasuwa.