Tambaya da Amsa: Ciwon jiki da mantuwa sun haɗe mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina sayar da atamfa a kasuwar Garwa. Na daɗe jikina na ciwo ko'ina, in na tashi barci kamar ban kwanta ba. Yanzu har lissafin canji yana ɓace mini, ina cikin magana kalma ta maƙale. An yi gwajin maleriya da taifot, babu komai. Ko ruɗewar tsufa ce tun ina shekara 38?
Hajiya, daga Garwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Bayaninki ya fi kama da faibromayaljiya, wato ciwon da ke game jiki na tsawon wata 3 ko fiye, ko kuma ciwon gajiya mai naci da ke wuce wata 6. Duka biyun suna rage saurin tunani da ikon riƙe abubuwa biyu a kai lokaci guda. Abin da kika sani yana nan, ɗauko shi ne ke ɗaukar lokaci, kuma ba ya ci gaba da lalacewa irin na ruɗewar tsufa.

Babu gwajin jinin da ke nuna su kai tsaye. Sai an duba ƙarancin jini, sukari, maƙoƙo, ciwon hanta, tarin fuka da ƙanjamau tukuna.

Ki lura da abu ɗaya, domin a nan magani ya rabu. Idan kin yi hidima, kamar ta biki, sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki da kai su rushe har kwanaki, wannan alamar gajiya mai naci ce. Mai ita tilasta wa kanta motsa jiki ƙara mata ciwo yake. Tun 2021 ƙa'idar jinya ta Ingila ta daina ba da shawarar ƙara atisaye mataki-mataki. Mai faibromayaljiya zalla kuwa tattaki a hankali yana taimaka mata.

Ki yi lissafi a zaune, a lokacin da kanki ya fi washewa, ki huta kafin ki gaji. Doguwar tsayuwa a zafin Maris da Afrilu tana rage jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa, don haka ki sha ruwa sosai. Bashi kuma a rubuta shi nan take.

Ki guji tramol na masu talla, yana ƙara dusashe tunani kuma yana kama mutum. Likita kan ba da amitriptilin, maganin da ke rage ciwo da gyara barci, miligiram 10 zuwa 25 da dare. In yana sa ki nauyin kai da safe, ki gaya masa ya gyara adadin ko lokacin sha.

In kuwa ɓarin jiki ya mutu, ko baki ya karkace, ko kika kasa gane hanyar gida, a kai ki asibiti a ranar.